Maki Ɗaya da Na Roƙi Frauke

Frauke Tietjen ta taɓa zama ta ɗari da tamanin da bakwai a jerin gwanayen tanis mata na duniya. Na san wannan lamba ba za ta sa kowa ya ajiye cokalinsa ba. Amma a garinmu Wendeloh, inda ba mu wuce mutum dubu huɗu ba ko da an haɗa da na maƙabarta, da alli muka rubuta ta a bangon kulob, kuma babu wanda ya goge sai da ruwan sama ya wanke ta. Yanzu shekarunta hamsin da biyu. Ita ke kula da filayenmu biyar, tana koya wa tsofaffi da 'yan makaranta riƙe raket, kuma in za ta hau bene sai ta bi matakala ɗaya bayan ɗaya saboda gwiwarta ta hagu. Ni ce sanadin gwiwar nan. Ni ce kuma sanadin wani abu da ya fi gwiwar muni, wanda na yi shekara ashirin da bakwai ina zama kusa da ita ban faɗa mata ba.

Sunana Almut Rademacher, na girme ta da shekara uku, kuma a gidan waya na yi aiki har na yi ritaya. Ni irin matan nan ce da in aka ce za a yi taro, kafin a rufe baki na zaro takarda da biro. Mutane suna yaba min da wannan, ni ma na daɗe ina yaba wa kaina.

Mahaifiyar Frauke ta rasu tana 'yar shekara biyar. Mahaifinta, Baba Hinnerk, shi ne mai kula da filayen kulob, kuma da yake ba shi da inda zai bar ta, sai ya riƙa zuwa da ita wurin aiki. A kan jar ƙasar filayen nan ta girma. Kafin ta iya ɗaure takalminta ta iya jan ragar share fili, ta san lokacin da ƙasa ke son ruwa da lokacin da ta ƙoshi. Safarta ba ta taɓa yin fari ba. Wata rana Baba Hinnerk ya sami tsohon raket na katako da wani ya yar, ya datse mariƙinsa da zarto ya miƙa mata, ya nuna mata bangon rumfar da ake ajiye rolar daddaɓe fili. Daga ranar bangon nan bai sake hutawa ba.

Baba Hinnerk ba ya yabo. Zai tsaya da tiyo a hannu yana shayar da fili na uku, idonsa a kanta, abin da kawai za ka ji shi ne, "Ƙafa, Frauke. Hannu ba ya zuwa inda ƙafa ba ta kai shi ba." Tana da shekara goma sha biyu ta lallasa ni. Tana sha huɗu ta lallasa likitan haƙoran garinmu, wanda ke ganin kansa zakaran kulob, ya fito yana cewa rana ce ta shiga idonsa.

"Likita," in ji Baba Hinnerk, "tun safe fa hadari ne a sama."

Wannan shi ne yabo mafi girma da na taɓa ji daga bakinsa, kuma bai ko kalli inda take ba lokacin da ya faɗa.

Da ta cika sha takwas ta shiga duniya da raket huɗu da wata tsohuwar mota mai tari. Kada ku ɗauka rayuwar da ake gani a talabijin ce. Ƙananan gasa ne a garuruwan da sai ka sa tabarau za ka gan su a taswira, 'yan kallo bakwai, biyu daga ciki iyayen abokiyar karawa. Tana kwana a gidajen mutanen da kulob ya roƙa su sauki baƙi, tana ɗaure wa raket ɗinta zare da kanta, tana wanke kayanta a bahon wanke hannu. Duk mako takan aiko wa mahaifinta kati, kuma duk katin ta hannuna yake bi a gidan waya, saboda haka ni ke fara karantawa. Ba na jin kunyar wannan, wanda ba ya son a karanta ya sa a ambulan. "Na ci biyu, na sha kashi a na uku. Abincinsu ba gishiri. Kada ka cika wa fili na biyu ruwa." Irin wasiƙunta ke nan, daga Fotugal, daga Poland, daga ko'ina.

Tana shekara ashirin da uku Baba Hinnerk ya faɗi a bakin fili, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Hankalinsa yana nan garau, yana jin duk abin da aka ce, amsawa ce ba ya iyawa sai da kai ko da hannun hagu. Aka kai shi gidan tsofaffi da ke bayan coci. Shekarun da wasan Frauke ya fi kyau, shi yana zaune a bakin taga. Ni nake zuwa ran Lahadi in tura keken guragunsa mu zaga gari, in karanta masa katunan. Na faɗi wannan ne don ku san ba muguwa ce ni ba tun asali, ko da yake ban ga abin da ya rage min ba.

Duk yawon nan nata, sunanta yana nan a saman takardar ƙungiyar matan kulob ɗinmu, ko da sau ɗaya take buga mana a shekara. A gasar kulob-kulob mata shida ake fitarwa, a jere bisa ƙarfinsu, ta ɗaya ta kara da ta ɗaya, ta biyu da ta biyu, har ƙasa. Daga nan a yi wasan bibbiyu sau uku. Maki tara ke nan, wanda ya sami biyar ya ci. In ta ɗayanku ba ta zo ba, kowace sai ta matsa sama ta haɗu da wadda ta fi ƙarfinta. Shi ya sa akwai wata dabara da kowane kyaftin ya sani kuma babu mai faɗa a fili: ko ta ɗayanku ba ta da lafiya, ta zo ta sa hannu a takarda, ta shiga fili ta buga maki ɗaya tak, sannan ta taka zuwa raga ta miƙa hannu ta ce ta janye. An bayar da nata makin, amma sauran biyar kowace ta tsaya a matsayinta.

A watan Yunin 1996 ni ce kyaftin, kuma muna bakin rami. Wasa ɗaya ya rage, da matan Osterbek, a filinmu. Wanda ya sha kashi ya faɗa rukunin ƙasa. Shekara goma sha ɗaya muna wannan rukunin, kuma ban so a ce a hannun Almut aka faɗi ba. Dalilina ke nan gaba ɗaya, na duba na sake dubawa ban sami wani a ƙarƙashinsa ba.

Ita kuma Frauke a wannan watan ne, karo na farko a rayuwarta, matsayinta ya kai a karɓe ta a wasannin share fage na babbar gasar Landan. Saura kwana tara. Gwiwarta ta kumbura a wata gasa, likitanta a Hamburg ya ce ta kwanta ta ɗaga ƙafa, in ta huta sosai za a ɗaure ta buga. Na san duk wannan a lokacin da na ɗauki waya na kira ta.

"Maki ɗaya, Frauke. Ki shigo jirgin ƙasa na safe, ki buga maki ɗaya, ki ci abinci, ki koma."

"Almut, ke kin san abin da likita ya ce kuwa?"

"Ya ce kada ki yi gudu. Ya ce kada ki gaisa da mutane a raga?"

Ta yi dariya. "Ke dai ba ki da dama. In da ke aka bai wa ƙasar nan, da jiragen ƙasa sun riƙa isowa kafin su tashi."

"To za ki zo?"

Ina jin ƙarar ƙanƙarar da take gyarawa a kan gwiwa. "Zan zo. Amma kada kowa ya sani. Ba na son mutane su taru su ga ina miƙa hannu kamar wata matsoraciya. Musamman Baba. Ki yi min alkawari."

Na yi mata alkawari, kuma ban faɗa wa kowa ba. Abin da na yi shi ne na tafi allon sanarwa na kulob na liƙa takardar kek. Al'adarmu ce masu masaukin baƙi su kawo kek da kofi, kuma duk wasa layi uku nake ja a takardar, mutum uku su rubuta sunansu. Ran nan layi goma sha biyu na ja. Daga nan na wuce wurin 'yan kwana-kwana na ce su ara mana benci ashirin.

Traute, mai kula da kicin ɗin kulob, ta tsaya gaban allon tana goge hannu da tawul.

"Kek goma sha biyu? Aure za ki sake yi?"

"Wasan ƙarshe ne, Traute."

"Wasan ƙarshe na bara kek biyu aka ci, na uku na kai wa kajina." Ta dube ni ta gefen ido. "Yarinyar Hinnerk ce za ta zo, ko?"

"Ni ban ce ba."

"Ai ba sai kin ce ba, uwar shiri."

Kafin Juma'a har mai gidan burodi yana tambayata ƙarfe nawa za a fara. Na riƙa gaya wa kaina ban karya alkawari ba. Gaskiyar ita ce na riga na yi lissafi a bayan wata tsohuwar ambulan, na ga ko da kowa ta tsaya a matsayinta, ba lallai mu kai biyar ba in aka bayar da makin Frauke. Ba maki ɗaya nake so ta buga ba. So nake ta ga jama'a ta kasa tsayawa.

Ran Lahadi ta iso da jaka a kafaɗa, tana ɗan jan ƙafa. Ta tsaya a bakin ƙofar kulob ta dubi benciyoyin nan cike da mutane, har da ƙungiyar masu busa ƙaho ta coci da ban ma gayyata ba.

"Wa ya faɗa?"

"Wallahi ko kalma ɗaya ba ta fita daga bakina ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗaga kafaɗa. "To, su sha kallon maki ɗaya. Ni dai Landan na nufa." Ta sa hannu a takarda ta shige ɗakin canza kaya ta ɗora ƙafa a kan kujera.

A tsarin gasa ta biyu da ta huɗu da ta shida ke fara wasa, sannan ta ɗaya da ta uku da ta biyar. Ni ce ta huɗu. Na ci nawa cikin awa ɗaya, na fito na tarar sauran biyun suna shan kashi. Jama'a ba su girgiza Frauke ba, na gani a fuskarta. Ko gumi ban goge ba na fita ta ƙofar baya da jar ƙasa a takalmina, na nufi bayan coci.

Baba Hinnerk yana bakin tagarsa. Na durƙusa ina sa masa takalmi ina surutu kamar mai lallashin yaro, na ce Frauke ta zo, za ta buga mana, gwiwarta ta ɗan kumbura amma maki ɗaya ne kawai, za ta yi murnar ganinsa. Da na ambaci gwiwa ya kafe ni da ido. Mutumin nan ya yi shekara talatin a bakin fili, ya ga gwiwoyi da yawa, kuma ya san 'yarsa fiye da yadda na san ta. Ya girgiza kai. Na yi kamar ban gani ba na juya keken. Muna isa ƙofar ɗaki ya miƙa hannunsa na hagu ya damƙe jikin ƙofar. Wata ma'aikaciya da ke wucewa da tire ta ce, "Yau kamar ba ya son fita."

"Iska zai sha," na ce mata. Na ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Yatsun tsoho ne mara lafiya, bai ɗauke ni wani lokaci ba.

Na ajiye shi a inuwa, daidai gefen raga, inda ba yadda za a yi ta miƙa hannu ba tare da ta wuce ta gabansa ba. Mutane suka yi ta tafa masa da suka gan shi.

Frauke ta fito. Abokiyar karawarta wata doguwar ɗaliba ce da ta tsorata tun daga ɗumama jiki. Frauke ta yi bugun farko a hankali, yarinyar ta mayar da ƙwallo cikin raga. Maki ɗaya ya cika. Frauke ta sauya raket zuwa hannun hagu, ta fara takowa zuwa raga, har ta fara ɗaga hannun dama. Nan ta gan shi. Shekara biyu rabon da ya zo fili, kuma bai taɓa ganin yadda wasanta ya zama ba. Ta tsaya cak. Ban san tsawon lokacin ba, amma na ji wani jariri yana kuka a can baya. Sai ta sunkuya ta ɗauki ƙwallon da ke gindin raga, kamar dama abin da ya kawo ta ke nan, ta koma bayan layi.

Na ji daɗi. Dole in faɗi wannan. Daɗi na ji har cikin raina.

Ba mu taɓa ganin irin wasan nan a Wendeloh ba. Ba ta gudu sai dole, tana tsaye tana aika ƙwallo inda ta ga dama, ta ci turmin farko shida da biyu. A turmi na biyu yarinyar ta gane inda ciwon yake, ta fara sauke ƙwallo kusa da raga tana sa ta tahowa. A gasar kulob an yarda kyaftin ta zauna a benci tare da 'yar wasa, don haka ina kusa da ita lokacin da suka zo hutun canza gefe, tana gaba da huɗu da uku. Ta rufe kanta da tawul ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Almut, wani abu yana motsi a ciki. Ba daidai yake ba. In na bari yanzu za ku iya?"

A lokacin ta uku da ta biyar sun riga sun ci nasu a filayen bayan shinge, an zo an raɗa min. Muna da dama mai kyau ko babu ita. Na buɗe kwalbar ruwa na miƙa mata.

"Saura wasa biyu fa, ƙawata. Ga Baba yana kallo."

A maki na uku bayan nan yarinyar ta sauke ƙwallo gajere. Frauke ta taho ta zame a kan ƙasa yadda ta saba tun tana ƙarama, takalminta ya kama gefen farin layin roba, ƙafar ta tsaya, jikin ya wuce. Na ji ƙarar daga inda nake zaune, kamar an karya ɗanyen karas. Ba ta yi ihu ba. Wanda ya yi ihu Baba Hinnerk ne, wani sauti mara kalma da ban taɓa jin irinsa ba kuma ba na fatan sake ji.

Motar asibiti ta tafi da ita. Mu kuma muka buga wasan bibbiyu, domin doka ba ta san gwiwa ba, muka ci biyu cikin uku. Biyar da huɗu, ba tare da makinta ba. Bayan wasa muka zauna cin abinci da matan Osterbek kamar yadda aka saba, na miƙe na yi jawabin kyaftin, na gode wa waɗanda suka kawo kek. Har ƙari na yi na dankali.

Washegari na je asibiti da furanni. Jijiyar gwiwa ta tsinke, guringuntsi ya yage, za a yi tiyata ran Laraba. Babu wanda ya ambaci Landan. Tana kwance tana kallon silin, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Wa ya kawo Baba?"

Ga amsar da na ba ta, kalma da kalma. "Ni ce, amma shi ya matsa. Na biya in duba shi, ashe ya ji labari wurin ma'aikatan. Ya kama hannun rigata yana nuna min ƙofa, ya ƙi saki. Na rasa yadda zan yi da shi."

Na ɗora laifin a kan mutumin da ba shi da bakin musu. Ban shirya ba, haka ta fito min a gyare.

"Ya san da gwiwar?"

"Na gaya masa."

Ta rufe ido. "To," ta ce.

Wata goma sha huɗu ta yi kafin ta sake shiga gasa, kuma lokacin sunanta ya zame can ƙasa inda ba a ƙirgawa. Ta koma ƙananan garuruwan nan da tsohuwar motarta, ta yi shekara uku tana fama, ta ɗan hau, gwiwar ta sake kumbura, ta sauka. Ba ta sake kusantar Landan ba. Baba Hinnerk ya rasu wata goma sha tara bayan wasan nan. Ta ajiye raket tana da shekara ashirin da tara, a wata gasa a kudu, gaban 'yan kallo da ba su kai goma ba, ta dawo gida ta karɓi mabuɗan rumfar mahaifinta. Ta yi aure, auren bai daɗe ba, ta sami 'ya ɗaya da yanzu take aikin jinya a Bremen kuma ba ta son ko ganin ƙwallo. Tsofaffin da take koyarwa suna tsoronta suna kuma son ta. Ba ta da hoto ko ɗaya na wasanta a bango.

Ni kuwa na zama baiwarta ba tare da ta nema ba. Ni na kai ta asibiti duk tiyata ukun da aka yi mata. Ni ke ɗauko mata buhunan jar ƙasa, ni na yi renon 'yarta, ni ke kai mata miya in ta kwanta. Mutanen gari suna cewa ba a taɓa ganin aminci irin na Almut ba, ni kuma in sunkuyar da kai su ɗauka kunya ce. Tsoro ne. Sau da yawa na shirya maganar a mota, in na iso sai in tambaye ta ko tana buƙatar ƙwai.

A watan Afrilun bana muna gyaran filaye, kamar kowace shekara in sanyi ya wuce. An kankare tsohuwar ƙasa an zuba sabuwa, tana jan ragar shara ni ina bin layuka da tsintsiya. Da hantsi ne, mu biyu kaɗai. Sai ta tsaya ta dafa ƙugu ta ce an aiko mata takarda daga ofishin maƙabarta, wa'adin kabarin mahaifinta na shekara ashirin da biyar ya cika, suna tambaya ko za ta sabunta ko a share wurin a ba wani.

"Ai sabuntawa za ki yi," na ce.

"Ban sani ba. Sau nawa ma nake zuwa?" Ta goge hanci da bayan hannu. "Kin san ban yafe masa ba har ya mutu? Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ya san gwiwata, ya san halina, amma sai da ya zo ya zauna a gaban raga don ya ga abin da ya shuka. Bayan tiyata sau ɗaya a wata nake zuwa, in zauna minti goma ina kallon agogo. Yakan miƙo hannun nan nasa zai taɓa min gwiwa, ni kuma in janye ƙafata. Kowane zuwa sai ya miƙo, kowane zuwa sai na janye."

Ban san wannan ba. Na ɗauka ƙaryata ta tsaya a ɗakin asibiti, ta cece ni ta mutu a can. Na jingina tsintsiyar da raga.

"Frauke, bai matsa ba."

Ta juyo.

Na faɗa mata duka, a tsaye a kan fili na ɗaya. Lissafin bayan ambulan, layi goma sha biyu, takalmin da na sa masa, yadda ya girgiza kai, yadda ya riƙe ƙofa da abin da na yi wa yatsunsa. Na faɗa mata cewa lokacin da ta tambaye ni a benci na riga na san sauran sun ci. Ban yi kuka ba, don na ga ba ni da hurumin yin kuka a gabanta.

Ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambayi abu ɗaya.

"Da hannun hagu ya riƙe ƙofar?"

"Eh."

"Da ƙarfi?"

"Iya ƙarfinsa."

Ta zauna a kan jar ƙasar nan da muka gama sharewa, ta miƙe ƙafar hagu a gabanta, ta ɗora tafin hannu a kan gwiwar. Na jira ta zage ni, da ta yi da na ji sauƙi.

"Gwiwa ba komai ba ce, Almut," ta ce daga ƙarshe. "Ni na ɗauki ƙwallon nan da hannuna, babu wanda ya sa min bindiga. Amma wata goma sha tara yana zaune a bakin taga. Kina zuwa duk Lahadi kina tura shi. Ko ran Lahadin ƙarshe kika faɗa min, da ya ishe ni."

Na miƙa hannu in tashe ta. Ta dubi hannun, ta juya ta dafa ƙasa ta miƙe da kanta, a hankali, yadda take hawa bene. Ta ɗauki jakarta ta tafi ta bar min ragar a tsakiyar fili.

Ta sabunta kabarin, Traute ce ta gaya min. Ba ta faɗa wa kowa abin da na yi ba, har yanzu a gidan burodi ana tambayata lafiyar ƙawata. In mun haɗu a kulob takan gaishe ni da ladabi, yadda ake gaida ma'aikacin banki, kuma wani take kira ya ɗauko mata buhuna. Kusan kullum yanzu in na bi ta bayan coci da yamma nakan ga kekenta a jingine a bakin maƙabarta. Rannan na leƙa ta saman shinge, na hango ta zaune a gefen dutsen kabarinsa ta miƙe ƙafa tana ta magana. Na daɗe a tsaye da kwandon cefanena, sannan na tsallaka titi na bi ta wata hanya.